Lasisin tara tsofaffin bindigogi a Amurka: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A Amurka akwai lasisi na musamman ga masu tara tsofaffin bindigogi saboda tarihinsu. Kuɗinsa kaɗan ne, samunsa ba wuya, shi ya sa mutane da yawa ke cike fom ɗinsa kafin su gane abin da yake bayarwa da abin da yake ɗora wa mai shi. Waɗannan su ne tambayoyin da ya kamata mutum ya samu amsarsu kafin ya sa hannu a takardar.

Wane lasisi ne wannan, kuma wa ke bayar da shi?

Hukumar ATF ce ke bayar da shi, wato hukumar tarayya mai kula da barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa. Lasisin bindiga na tarayya, wanda ake kira FFL, iri-iri ne: akwai na dillalai, akwai na masu ƙerawa, akwai na masu shigowa da kaya daga waje. Na masu tarawa shi ne mai lamba 03, amma masu harkar sun fi kiransa C&R. Gajartawar Curios and Relics ke nan, wato kayan ban sha'awa da na tarihi. Kuɗinsa dala 30, yana aiki shekara 3, sannan a sabunta. A cikin lasisan nan shi kaɗai ne ba na kasuwanci ba.

A gaya mini kai tsaye: ya cancanci a nema?

Ya cancanta ga mutum iri ɗaya: wanda yake son bindigogin da aka ƙera daga 1899 zuwa shekara 50 da suka wuce, yake da niyyar sayen biyu ko fiye a cikin shekara 3, yake zaune a jihar da ba ta toshe amfanin lasisin ba, kuma ba ya ƙyuyar rubutu. Irin wannan mutumin, da saye na farko ko na biyu ya mayar da kuɗinsa.

Wanda bindiga ɗaya tak yake so ya rataye a bango, bai buƙace shi ba. Wanda abin da ke burge shi bindigogin ƙarni na 19 ne, shi ma bai buƙace shi ba, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Wanda kuma yake hangen saye da sayarwa don riba, lasisin ba zai kare shi ba, zai ma iya zama shaida a kansa.

Ashe ba kowace tsohuwar bindiga ce ke buƙatar lasisin ba?

A'a. A bakin mutane duk bindigar da ta tsufa tsohuwa ce, amma dokar tarayya ta raba su gida biyu, kuma shekarar 1898 ce iyaka.

Duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, dokar kayyade bindigogi ta 1968 ba ta ɗauke ta a matsayin bindiga ba. Ta ɗauke ta a matsayin kayan dauri. A matakin tarayya ba a buƙatar lasisi kafin a saye ta, ba a buƙatar bi ta hannun dillali, ba a cike fom. Martini-Henry ta Ingila da aka fara amfani da ita a 1871, da Chassepot ta Faransa ta 1866, da Gras ta 1874, da bindigogin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, duk suna wannan gida. Haka ma bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka, ko da sababbin ƙira ne, muddin ba a yi su yadda za su ɗauki harsashin zamani ba. Wanda waɗannan ne burinsa, in ya biya dala 30 ya sayi abin da doka ta riga ta ba shi kyauta.

Abin lura shi ne, shekarar da aka ƙera ita wannan bindigar da ke hannunka ake dubawa, ba shekarar da aka fara yin samfurinta ba. Mosin-Nagant ta Rasha samfurin 1891 ce. Wadda ta fito daga masana'anta a 1897 ta dauri ce, babu ruwan lasisi da ita. Wadda ta fito a 1943, ko da kamarsu ɗaya, cikakkiyar bindiga ce a idon doka. Har ila yau, uwar jikin bindigar ake dubawa, wato ƙarfen da bututu da kunama da ƙota suke haɗuwa a kansa. Shi ya sa ake samun wani abin mamaki a bindigogin Finland: sojojin ƙasar sun riƙa ɗaukar tsofaffin uwayen jiki na Rasha suna sa musu sabon bututu da sabuwar ƙota, suka fitar da samfurin M39 a shekarun yaƙin duniya na biyu. Wasu daga cikinsu shekarar da ke kan bututu 1942 ce, amma in aka kwance aka duba ƙarƙashin wutsiyar uwar jikin sai a ga 1896. Irin wannan ta dauri ce a dokar tarayya.

Wannan sassauci na tarayya ne kawai. Wasu jihohi da birane ba su yarda da shi gaba ɗaya ba, kuma wanda kotu ta hana riƙe makami kada ya ɗauka ya samu kafa, domin dokar jiharsa na iya kama shi.

To waɗanne bindigogi ne lasisin ya shafa?

Hanya uku ce bindiga ke shiga rukunin C&R. Ta farko, wadda ta fi yawa: ta cika shekara 50 da ƙerawa kuma tana nan a siffarta ta asali. Ba sai an sa sunanta a wani jeri ba, ranar da ta cika shekarun ta shiga. Iyakar tana tafiya da kalanda, don haka a 2025 bindigogin 1975 ne suka shigo layi. Kwafin da aka yi daga baya ba ya ciki. Ta biyu, shugaban wani gidan tarihi na gwamnati mai baje bindigogi ya ba da shaidar cewa tana da darajar ajiya. Ta uku, yawancin darajarta ya kasance daga ƙarancinta ne, ko baƙuwar ƙirarta, ko alaƙarta da wani mutum ko wani lamari na tarihi. ATF na da jerin waɗanda ta amince da su ta hanyoyin nan biyu na ƙarshe. Ƙaramar bindigar CZ 82 ta tsohuwar Czechoslovakia tana cikin jerin, duk da cewa a shekarun 1980 aka fara yinta.

Yawancin abin da masu lasisin ke saye rarar kayan soja ne: Mauser K98k ta Jamus, Lee-Enfield ta Ingila, Mosin-Nagant da SKS na Rasha, Arisaka ta Japan, Carcano ta Italiya, K31 ta Switzerland, M1 Garand da Springfield 1903 na Amurka, sai ƙananan bindigogi irin su Luger da Walther P38 da Tokarev. Kowace na ɗauke da tambarin masana'anta da shekara da alamun rundunar da ta riƙe ta. K31 kuwa, sau da yawa in aka cire ƙarfen gindin ƙotarta ana samun 'yar takarda mai sunan sojan da aka ba shi ita. Abin da ke jan mai tarawa na gaskiya ke nan, harbin abu na biyu ne.

Me ya sa aka ƙirƙiro lasisin tun farko?

Kafin 1968, a Amurka mutum na iya ganin tallar bindiga a mujalla, ya aika kuɗi, a kawo masa ta gidan waya. Ta wannan hanya Lee Harvey Oswald ya sayi Carcano rarar sojan Italiya daga wani kanti a Chicago a watan Maris na 1963, kan kimanin dala 20, wadda aka kashe Shugaba Kennedy da ita ranar 22 ga Nuwamba na shekarar. Bayan kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta zartar da dokar kayyade bindigogi, Shugaba Johnson ya sa mata hannu a watan Oktoba. Dokar ta hana aika bindiga daga jiha zuwa jiha ga wanda ba shi da lasisi. Masu tara kayan tarihi kuwa harkarsu ta tsallake jihohi ce, domin abin da suke nema ba ya samuwa a kantin unguwa. Sai aka buɗe musu wannan ƙofa, da sharaɗin su yi rajista kuma su riƙa rubuta abin da ya shigo hannunsu da abin da ya fita.

Me zan iya yi da shi wanda ba zan iya ba in babu shi?

Babban amfaninsa guda ne: mai sayarwa a wata jiha zai iya aiko maka da bindigar C&R har ƙofar gidanka, zuwa adireshin da ke kan lasisin. In babu lasisi, dole a aika ta ga dillali mai lasisi a jiharka, ka je can, ka cike fom 4473, a yi binciken tarihinka ta tsarin NICS na hukumar FBI, ka biya dillalin ladan karɓa. Mai C&R yana aika wa mai sayarwa kwafin lasisinsa da sa hannu, shi ke nan.

Na biyu, kana iya zuwa baje kolin bindigogi ko gwanjo a wata jiha ka sayi bindigar C&R hannu da hannu, har da ƙaramar bindiga, abin da mutum marar lasisi ba zai iya ba. Na uku, wasu kantunan kayan gyara da kayan goge bindiga suna yi wa masu lasisi ragi. Wannan alheri ne na kanti, yau akwai gobe babu, kada a gina lissafi a kansa.

Abin da ba ya bayarwa shi ma a sani. Ba izinin yawo da bindiga ba ne. Bai shafi bindigogin zamani ba, a kansu kai da kowa ɗaya ne. Bai ba ka damar shigo da rarar kayan soja daga ƙasar waje da kanka ba, wannan aikin masu lasisin shigo da kaya ne.

Yaya lissafin kuɗin yake?

Ladan da dillali ke karɓa kan kowace bindiga yakan kama daga dala 25 zuwa 50, a manyan birane ya fi haka. Lasisin kuwa dala 10 ne a shekara in aka raba. Saye ɗaya ya kusa biyan kuɗin, saye biyu riba ce. Ga wanda ke zaune a karkara, inda dillali mafi kusa ke da nisan tafiyar awa guda, man mota da ranar aikin da zai ɓata sun fi ladan ma tsada.

Sai dai masu harkar da kansu sukan faɗi wata gaskiya: lasisin ba ya rage kashe kuɗi, ƙara shi yake yi. Da zarar saye ya koma danna waya a jira mai kawo kaya, wanda ya yi niyyar biyu sai ya wayi gari da bakwai, ga kuɗin akwatin ƙarfe na ajiya, ga na littattafan gane tambura. Wanda bai iya riƙe hannunsa ba ya sa wannan a lissafi.

An ce zamanin araha ya wuce. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ya rage wa lasisin armashi. Dokar 1968 ta hana shigo da rarar bindigogin soja, sai a 1984 majalisa ta sake buɗe ƙofa ga waɗanda ke rukunin C&R. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, rumbunan makamai na gabashin Turai suka buɗe, aka yi ta jigilar bindigogi cikin akwatunan katako, suna dumu-dumu da man ajiya. A shekarun 1990 da 2000 ana samun Mosin-Nagant ƙasa da dala 100. A lokacin, mai lasisi na iya yin odar akwati guda.

Yanzu wannan bindigar ɗaruruwan daloli ce. Dalilan a bayyane suke. Rumbunan sun ƙare, tunda ba wanda ke ƙera bindigar 1943 a yau. An hana shigo da yawancin bindigogin Sin tun 1994. Takunkumin da aka sa wa Rasha daga 2014, da hana ba da sabon izinin shigo da bindigogi da harsasanta a 2021, sun toshe wata babbar hanya. Sojojin duniya kuma tun shekarun 1950 suka koma bindigogi masu sarrafa kansu, waɗanda ba a shigo da su don farar hula, saboda haka babu sabuwar rara mai yawa da ke tafe.

Duk da haka ban ga dalilin cewa lasisin ya mutu ba. Kasuwar ce ta sauya wuri. Da daga rumbu kaya ke fitowa, yanzu daga hannun tsofaffin masu tarawa da magadansu suke fitowa, ta gwanjo da shafukan intanet, kuma kusan kullum mai sayarwa yana wata jiha. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi lasisin dominsa. Ga kuma bindigogin farauta da na 'yan sanda na shekarun 1960 da 1970 da ke shigowa rukunin kowace shekara.

Mai neman M1 Garand kuma ya sani cewa hukumar CMP, wato shirin koyar da farar hula harbi, mai cibiya a Anniston ta jihar Alabama da Port Clinton ta jihar Ohio, tana sayar da su ga 'yan ƙasa bisa nata sharuɗɗan, ba sai da C&R ba.

Wa zai iya nema? Baƙo fa?

Sai wanda ya kai shekara 21, kuma ba ya cikin waɗanda doka ta hana riƙe bindiga: wanda aka taɓa samu da babban laifi, ko da laifin dukan iyali, ko mai amfani da haramtattun ƙwayoyi, ko wanda kotu ta yanke cewa yana da taɓin hankali, da makamantansu.

Ga 'yan'uwanmu mazauna can, batun takardun zama shi ne kan gaba. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga a dokar tarayya kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asalin hukuncinsa hani ne, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da doka ta ambata, kamar mai lasisin farauta na jiha. Wanda ba shi da takardu kwata-kwata, riƙe ko da harsashi ɗaya babban laifi ne. Kuskure a nan na iya jawo ɗauri da kora daga ƙasar, don haka duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya ga lauya kafin ya taɓa fom.

Yaya ake nema?

Ana cike fom 7/7CR, a haɗa da kuɗin, a aika wa ATF, sannan a aika kwafi ga shugaban 'yan sandan yankin da mutum yake zaune. Sanarwa ce kawai, ba a jiran amincewarsa. Ba kamar lasisin dillali ba, wannan ba a neman hoto ko zanen yatsu. Za a binciki tarihin mai nema, in babu matsala lasisin ya iso ta gidan waya bayan wasu makonni. In za a sauya gida, sai an sanar da hukumar tun kafin a tashi domin a gyara adireshin.

Mene ne wannan littafin da ake ta magana a kai?

Nan ne ainihin farashin lasisin yake, ba a dala 30 ba. Dole mai lasisi ya ajiye littafin shiga da fita. Duk bindigar C&R da ta shigo hannunsa yana riƙe da lasisin, zai rubuta wanda ya ƙera ta, da wanda ya shigo da ita ƙasar in akwai, da samfuri, da lambarta, da girman harsashinta, da ranar da ya karɓa, da wanda ya karɓa daga hannunsa. Ana rubuta shigowa kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba. In ta fita, ta sayarwa ko kyauta ko musaya, a rubuta cikin kwana 7, da sunan wanda ya karɓa da adireshinsa da shaidar da aka duba. In aka sace ko ta ɓata, a sanar da ATF da 'yan sanda cikin awa 48 da ganowa.

Aikin minti biyar ne ga kowace bindiga, amma ba a yafe sakaci a cikinsa. Wanda takardun motarsa ma sai an tuna masa, ya yi wa kansa adalci ya ci gaba da bi ta hannun dillali, ya bar wa dillalin rubutun.

Ni ina ganin littafin alheri ne ko da doka ba ta tilasta ba. Bindigar da aka san daga hannun wa ta fito ta fi daraja a gwanjo, kuma ranar da aka yi sata ko gobara, shi ne abin da kamfanin inshora da 'yan sanda za su fara tambaya.

Jami'ai za su riƙa shigo mini gida ke nan?

Doka ta ba ATF damar duba littafin da bindigogin C&R sau ɗaya a cikin wata 12. Ta kuma ba mai tarawa zaɓin a yi dubawar a ofishin hukumar mafi kusa maimakon gidansa. Lasisin bai ba kowa izinin bincike gida yadda ya ga dama ba. Abin da ya tabbata shi ne sunanka da adireshinka suna hannun hukumar a matsayin mai tara bindigogi. Wanda wannan ya dame shi, ya auna tun yanzu.

Zan iya sayar da wasu in samu riba?

Sayar da bindiga daga tarinka domin ka sayi wadda ta fi ta, ko domin ka rage tarin, halal ne a doka, ko da farashinta ya tashi ka samu ƙari. Abin da aka hana shi ne mayar da abin sana'a: saye da niyyar sayarwa, a kai a kai, don neman riba. Wannan sai da lasisin dillali mai lamba 01, wanda kuɗinsa dala 200 ne a shekara 3 na farko, kuma yana da nasa sharuɗɗan masu nauyi. A 2022 majalisa ta faɗaɗa ma'anar mai sana'ar bindiga, ta yadda ba sai sana'ar ce ke ciyar da mutum ba, ya isa a ga cewa riba ce babbar manufarsa. Hukuncin dillanci ba lasisi yana kaiwa ɗaurin shekara 5.

A tuna cewa littafinka yana nuna komai. In ya nuna ka sayi SKS goma a watan Maris ka sayar da tara kafin Mayu, da hannunka ka rubuta ƙarar kanka. Haka nan ba a sayar wa marar lasisi mazaunin wata jiha kai tsaye, kuma ba a sayar wa wanda kake da dalilin zaton doka ta hana shi.

Dokar jiha na iya hana lasisin aiki?

Ƙwarai. Lasisin tarayya ba ya goge dokar jiha ko ta birni. A jihohi irin su Texas da Arizona yana aiki kusan yadda aka bayyana a sama. A California sai an haɗa shi da wata takardar cancanta daga ma'aikatar shari'a ta jihar kafin a ci wasu amfanoninsa, kuma aikowa har gida ba ta tafiya yadda take a sauran wurare. New York da New Jersey suna da nasu izinin na ƙananan bindigogi wanda C&R bai maye gurbinsa ba. Wasu masu sayarwa ma ba sa aika kaya irin waɗannan jihohi ko da doka ta yarda, gudun rigima. Dokokin nan suna sauyawa kusan kowace shekara, saboda haka dokar jiharka ce abin fara karantawa, kafin fom ɗin ATF.

In na gyara bindigar fa, na sa mata sabuwar ƙota?

Matsayin C&R na bindigar da ke siffarta ta asali ne. Ƙananan abubuwa kamar sauya maɗaurin rataya ba sa fitar da ita. Amma in aka yanke bututu, aka jefar da ƙotar katako aka sa ta roba, ta tashi daga kayan tarihi. Uwar jiki tsurarta ma ba C&R ba ce.

Ko da babu doka, roƙona shi ne a bar su yadda suke. Bayan yaƙin duniya na biyu an yanke dubban Mauser da Enfield an mayar da su bindigogin farauta, yau ga shi ana neman waɗanda suka tsira da tsada. Goge katako da takardar yashi yana share tamburan da ke faɗin inda bindigar ta je. Sake yi wa ƙarfe baƙin fenti yana karya farashi. A share datti, a tsayar da tsatsa da mai, a tsaya nan. Mai saye kuma ya duba ko lambobin sassan sun dace da juna, ya yi hattara da tamburan jabu, musamman a kan bindigogin Jamus, inda tambari ɗaya ke iya ninka farashi.

Bindiga mai sarrafa kanta ta yaƙin duniya fa?

Tana iya zama C&R, amma wata dokar bindigogi ta tarayya ta 1934 tana kanta har yanzu: rajista ta musamman, harajin dala 200, zanen yatsu, da jiran amincewar ATF. Sai wadda aka yi wa rajista kafin 19 ga Mayu 1986 farar hula ke iya mallaka, shi ya sa farashinsu ya kai dubban daloli masu yawa. Jihohi da dama sun hana su ɗungurungum.

Ana iya harba waɗannan bindigogi lafiya?

Da yawa ana iyawa, amma sai maƙerin bindiga ya duba tukuna. Ƙarfen da ya shekara 80 ko 100 yana iya ɓoye tsaga. Springfield 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 daga masana'antar Springfield an san wasunsu da gautsin ƙarfe saboda yadda aka gasa su, kuma shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce kada a harba su. Bindigar da aka yi don baƙin albarushi ba a sa mata albarushin zamani, domin ƙarfinsa na iya fasa ta a fuskar mai harbi. An kuma sauya wa wasu bindigogin girman harsashi a hannun ƙasa ta biyu ko ta uku, ba tare da rubutun kansu ya nuna a fili ba. Tsofaffin harsasan soja kuma da yawansu suna barin gishiri a cikin bututu, in ba a wanke da ruwa an busar an shafa mai a ranar ba, tsatsa ta kama. A gida kuwa, a kulle su a akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri dabam, musamman inda akwai yara. Tsufan bindiga bai rage mata kisa ba.

Zan iya kawo ɗaya gida Najeriya don tarihi?

Wannan tambaya tana da dalili mai ƙarfi. Lee-Enfield mai harsashi .303 ita ce bindigar da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, a runduna ta 81 da ta 82, kuma da yawansu 'yan Arewa ne, har Hausa ta zama harshen bariki. Jikan tsohon soja da ya ga irinta a gwanjo a Amurka, dole zuciyarsa ta motsa.

Amma amsar a'a ce. Lasisin C&R ba shi da wani ƙarfi a wajen Amurka, kuma fitar da bindiga daga ƙasar na buƙatar izinin gwamnati na dabam. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na ƙashin kai kamar bindigar farauta, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Bindigogin soja masu harsashi .303 da 7.62 suna cikin haramtattu da sunansu, haka ma ƙananan bindigogi har da na dauri masu ƙanƙara. Wato abin da ake aikowa ƙofar gida a Texas kan lasisin dala 30, a Kano ko Legas ɗaurin shekaru ne. Ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta hana shigo da ƙananan makamai yankin sai da keɓantaccen izini. Ganin irin jinin da bindigogi ke zubarwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ban ga laifin wannan tsanani ba. Mai son ganin tsofaffin makamai a gida yana da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, yana kuma da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah.

A Ingila fa haka abin yake?

Tsarinsu dabam ne. Bindigar dauri da aka ajiye don ado ko sha'awa ba ta buƙatar takardar izini, amma tun 2021 sai wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, kuma harsashinta yana cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, ko tsarin harbinta na da ne. Lee-Enfield .303 ba ta ciki, sai da cikakken izinin 'yan sanda. Da zarar an yi niyyar harba ta dauri ma, sassaucin ya faɗi.

In lasisin ya ƙare, ko mai shi ya rasu, ina makomar bindigogin?

In ka bar shi ya ƙare, bindigogin naka ne, ba a karɓe ko ɗaya. Ka koma kamar kowa wajen saye na gaba. Dillalin da ya rufe kanti dole ya miƙa wa ATF littattafansa, amma ba a neman haka daga mai tarawa. Duk da haka a adana littafin.

Lasisin ba ya shiga gado, yana ƙarewa da mai shi. Bindigogin kuwa dukiya ce da ake gada, kuma dokar tarayya ta yarda magaji ya karɓa ko yana wata jiha, muddin shi kansa doka ba ta hana shi ba kuma jiharsa ta yarda da irin bindigar. Mai sarrafa kanta tana da nata fom na gado, ba haraji, amma sai an jira amincewa. In magadan suna Najeriya ko Nijar, hanyar da ta rage ita ce a sayar ta hannun dillali ko gidan gwanjo a can Amurka, a raba kuɗin. Saboda haka mai tarawa ya rubuta kimar kowace bindiga a wata takarda ya haɗa da littafin, ya kuma nuna wa mai ɗakinsa ko babban ɗansa inda mabuɗin akwatin yake.